Layi Uku a Gefen Shinge

"Kar ki ja, Farfesa. Turawa za ki yi."

"In na tura, tayar baya za ta ƙara shigewa."

"To ja."

Na ja. Keken bai motsa ba. Keke ne mai taya uku, da kwandon waya a baya, kuma tayarsa ta hagu ta shige ƙarƙashin ƙarfe ta kafe. Kawu Vern na zaune a kai, da hular kwanonsa wadda ya soke da tsinkayen roba saboda magpai, tsuntsayen nan da ke kai wa masu keke sara a ka idan lokacin ƙwansu ya yi. Daga nesa sai ka ce bushiya ce ta hau keke.

Ba kawuna ba ne. Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya, kuma haka duk yaran layin muka taso muna kiransa. Shekararsa tamanin da ɗaya. Shekara arba'in ya yi yana gyaran fitilun hanyar jirgin ƙasa, shi ya sa ba ya wasa da agogo. Ni kuma ya laƙaba mini Farfesa tun da na dawo daga Holan, inda na yi shekara tara ina koyon zanen hanyoyi. Rasuwar mahaifiyata ce ta dawo da ni. Na zo in kwashe kayan gidan, ban koma ba.

"Ƙarfe nawa?" ya ce.

"Sha biyu saura kwata."

"Ɗaga ni."

Na riƙe shi ya sauka. Muka cicciɓi bayan keken muka fitar da shi da baya. A cikin kwandon akwai fulas na miyar kabewa da burodi yanka biyu a naɗe cikin tawul. Ya taɓa murfin fulas ɗin, ya ji a rufe yake, sannan ya tsaya ya dubi abin da ya tare shi.

Shinge ne, a safiyar ranar aka kafa shi. Ƙarafa biyu ne masu fentin rawaya, tsayin ƙugu, ɗaya ya fito daga dama, ɗaya daga hagu a ɗan gaba da shi, yadda duk mai wucewa sai ya lanƙwasa sau biyu. An sa su ne a kan hanyar simintin da ke bin gefen rafi, wadda masu ƙafa da masu keke suke haɗawa, daidai inda gangara ta ƙare. Simintin gindinsu ma bai gama bushewa ba.

Ya koma kan keken, ya karya kai dama, ya sauka daga simintin ya bi ta cikin ciyawa, ya zagaye ƙarafan, ya sake hawa hanya. Ya bar layi uku a ciyawar, kwance.

Kullum da rana tsaka yake zuwa wurin matarsa, Anti Noelene, a gidan kula da tsofaffi da ke ƙetaren rafin. Ciwon mantuwa ya kai ta can shekara biyu da suka wuce. Ta manta sunan ɗanta, ta manta gidanta, kuma tun bara ta daina karɓar abinci a hannun kowa sai nasa. Shayi takan sha, wani lokaci biskit. Amma abin da zai riƙe mutum, sai in Vern ne ya riƙe cokalin. An karɓe masa lasin tuƙi saboda ido. Ƙugunsa ba ya kai shi ko ƙarshen layi da ƙafa. Ɗaya hanyar kuwa babban titi ne mai layi huɗu, manyan motoci ke bi. Wannan ta gefen rafi ita kaɗai ya mallaka.

Da yamma na ɗauki abin awo na je na auna tsakanin ƙarafan. Na same shi a ƙofar gida yana fito da kwandon shara.

"Ba daidai suka kafa shi ba," na ce. "Ratar ta yi kaɗan. Keken guragu ma ba zai wuce ba. A Holan tuni aka daina sa irin wannan."

"A Holan."

"Takarda ɗaya zan rubuta. Dole su cire."

"Marnie." Ba kasafai yake kiran sunana ba. "Zo ki ga wani abu."

A jikin firjinsa, a ƙarƙashin maganaɗisu mai siffar kifi, akwai wasiƙar ƙaramar hukuma. Suna farin cikin sanar da shi cewa an amince da kokensa na a sa shinge don rage gudun masu keke. Suna godiya da kishinsa.

Sai na tuna. Mahaifiyata ta taɓa ba ni labarin a waya. Shekara biyar da suka wuce, lokacin su biyun suna iya yawo da ƙafa, wani mai keke ya gangaro a guje ya bangaji gwiwar hannun Noelene, jakarta ta faɗa rafi. Vern ya fito da teburin ninkewa ya kafa a bakin hanyar, Asabar uku a jere, yana tare mutane su sa hannu.

"Mutum ɗari biyu da sha huɗu," ya ce. "Sunana ne na farko. Na uwarki na biyu. Shekara biyar ina buga musu waya, har yarinyar da ke ɗauka ta san muryata. Yau sun ba ni. Gobe kuma in koma in ce a cire?"

"Lokacin ba ka kan keke."

"Su sani ko kar su sani, ba ruwansu. Ni na roƙa. Kar ki rubuta komai."

"Girman kai ne wannan, Kawu."

"Eh. Shi kaɗai ya rage da ba a yi wa tiyata ba. Ja mini ƙofar in kin fita."

Daga tagar kicin ɗinmu ana hango wurin. A mako na farko ciyawar ta kwanta. A na biyu ta yi ja. Kafin wata ya cika ƙasa ta fito, layi uku, na tsakiya ya fi zurfi. Sai wasu suka fara bi. Mata masu tura keken jarirai. Mai raba wasiƙu. Wata mata mai keken guragu na lantarki, da karenta a cinya. Su kuwa masu matsattsun kaya da kekunan tsere, waɗanda aka yi abin dominsu, kwana uku suka ɗauka suka koyi lanƙwasa. Ko ƙafa ba sa saukewa.

Wata rana ɗaya daga cikinsu ya wuce Vern yana cikin ciyawa.

"Sannu, tsoho! Taraktar na tafiya?"

"Tana tafiya! Kai kuma ka mayar wa ƙanwarka wandonta!"

Na rubuta takardar. Ban gaya masa ba. Na yi ta yadda aka koya mini, da awo, da zane, da lambar ƙa'ida. Ban sa sunansa ba. Na haɗa da hotuna huɗu na layukan nan uku, domin a makaranta an ce mana babu hujjar da ta kai sawun mutane: inda ƙafa ta ƙi bin siminti, simintin ne bai yi daidai ba.

Bayan mako uku aka amsa. Suna godiya da na jawo hankalinsu ga yadda ake lalata ciyawa a gefen shingen. Za a ɗauki mataki.

Ranar Litinin mota ta zo da duwatsu shida, kowanne ya kai girman tunkiya. Na fita da silifas.

"Ba wannan na ce ba," na gaya wa mai tuƙa injin ɗaga kaya. Wani jibgegen mutum ne mai jar fuska, yana cin fanke mai nama.

"Ke kika rubuta? To ga shi an yi miki, 'yar uwa. Cikin mako uku. Wasu sai sun shekara biyar."

"Shingen na ce a cire."

"Shinge na sashen hanyoyi ne. Mu na ciyawa ne." Ya lashe yatsa. "Takardarki wurinmu ta zo, akwai hoton ciyawa a ciki."

Suka jera duwatsun a kan layukan, suka zuba ɓawon itace, suka dasa tsirrai guda tara da sanduna. Sha biyu saura ashirin Vern ya iso. Ya tsaya. Ya dubi duwatsun ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga taragu. Sannan ya ƙara karya kai dama, ya zagaye na ƙarshe, inda ƙasa ta fara gangarawa zuwa rafi. Keken ya karkata, tayar sama, ta wajen tudu, ta ɗan ɗaga ta sauka. Ya wuce.

Kwana goma sha bakwai yana bi ta nan. Sabbin layuka suka fito, a karkace. Sau biyu na ce zan kai shi a mota. Ya ce ba ya son ya dogara da wadda ba ta san ko za ta zauna a garin ba. Gaskiya ya faɗa. Na sake rubuta takarda ta biyu, wannan karon babu hoto. Ba a amsa ba.

Aka yi kwana uku ana ruwa. Ranar Alhamis ya ɗauke da hantsi. Ina wanke kofi na ga hular nan mai tsinkaye ta bi bayan dutse na ƙarshe, ba ta fito ta ɗaya gefen ba. Na ajiye kofin. Na tuna na tsaya na kashe famfo.

Bai faɗi da nisa ba. Keken ya kwanta a gefensa, taya ɗaya na juyawa a sama. Shi kuma yana kwance a cikin laka, kan keken ya danne masa ƙirji. Idonsa a buɗe.

"Miyar ta zube?"

Na ɗaga keken. Fulas ɗin ya gangara ya tsaya a gindin wata bishiyar turare. A rufe yake.

"Ba ta zube ba. Kar ka motsa."

"Ƙarfe nawa?"

"Ina kiran motar asibiti."

"Kira. Sannan ki ɗauka ki kai mata."

"Ba zan bar ka a nan ba."

"Ina zan je?"

Na jira har suka zo. Yana kan gadon ɗauka yana musu da su, ya ce ba zai shiga ba sai ya ga na tafi. Na tafi da ƙafa, laka har gwiwa.

Sela ce ta tare ni, mai kula da ɓangaren su Noelene, wata 'yar ƙasar Tonga mai faɗin kafaɗa da ƙaramar murya. Na gaya mata. Ta dafe ƙirji.

"Wayyo, Baba Vern. To gwada, ƙanwata. Mu dai mun gaji da gwadawa."

Noelene na zaune a kujera kusa da taga, an taje mata gashi, hannuwanta a cinya. Matar da ta koya mini saƙa. Na zuba miyar, na ɗebo, na kai bakinta. Ta dubi cokalin, ta dube ni, cikin ladabi, kamar wadda aka tare a tasha za a sayar mata da abin da ba ta so. Ta mayar da fuska taga. Rabin awa na yi. Na rufe fulas ɗin.

Haƙarƙari uku ne suka karye. Likita ya ce wannan ba komai ba ne, abin tsoron huhu ne, domin mai irin wannan karaya ba ya iya tari. A rana ta huɗu zazzaɓi ya shigo. Na buga wa ɗansu Russell waya a birnin Perth, can nesa. Ya ce zai duba jirgin sama.

Kullum nakan kai miyar, kullum nakan dawo da ita. A firizar Vern na samo ta, a cikin robobi, kowace da ranarta rubuce da hannunsa a kan murfi. Ranar Laraba yake dafa ta mako biyu. Da yamma in je asibiti, abin da yake fara tambaya ɗaya ne.

"Ta ci?"

"Ta sha shayi."

"Shayi ba abinci ba ne. Yaya kike yi?"

"Yadda ake yi. In zuba, in ba ta."

"Shekara tara a makaranta." Ya rufe ido, ya jira numfashi ya dawo. "Saurara. Da keken za ki je. In kin kai ƙarƙashin tagarta, ƙararrawa biyu. Biyu, ba uku ba. Kar ki cire hular, da ita za ki shiga. Ki zauna a hagunta. Cokalin farko ke za ki sha. Ki ɓata fuska ki ce, 'Ba ta kai taki ba.' Sai ki jira."

"In jira me?"

"Za ta faɗa miki."

"Kawu, ba yarinya ba ce. Za ta ga ba kai ba ne."

"Ni ɗin ma ta daɗe ba ta gani na. Hular take gani."

Ban yi ba. Na ce a raina yaudara ce, kuma ya kusa fitowa ya yi abinsa. Ban da haka, keken yana nan a bayan gidansa da lakarsa, kansa a karkace, kuma ba na son taɓa shi. Sela ta ce an fara maganar saka wa Noelene robar abinci ta hanci. Ta ce ta taɓa ganin an saka wa irinsu, cirewa suke yi, sai an ɗaure musu hannu.

A rana ta bakwai aka sa masa abin shaƙar iska. Ya janye shi da yatsa biyu.

"Farfesa."

"Na'am."

"Hotunan sun yi kyau."

Hotunan da na haɗa da takardata yake nufi.

"Mai injin nan ya nuna mini. Na huɗun ya fi, wanda rana ta haska." Ya yi wani abu da ya so ya zama dariya, bai kai ba. "Ni na rubuta, sun amsa. Ke kin rubuta, sun amsa. Wa ya ce hukuma ba ta aiki?"

"Ka ce kar in rubuta."

"Na ce. Uwarki ma ba ta ji." Ya mayar da abin a fuskarsa. Ta cikinsa ya ce wani abu, na sunkuya. "Biyu," ya ce. "Ba uku ba."

Ya rasu ranar Asabar da misalin goma na safe. Nas ce ta bugo. Ta ce bai wahala ba, ta ce ko akwai wanda za a sanar. Na ce jirgin ɗansa zai sauka ƙarfe uku. Na ajiye wayar. Na tsaya a kicin. A waje wani na yanke ciyawa, wani gida kuma ana sauraren wasan ƙwallo. Na jira in ji wani abu a jikina. Ba abin da ya zo. Na dubi agogon murhu, sha ɗaya da minti biyar.

Na shiga gidansa da makullin da ke ƙarƙashin tukunyar fure. Robobi biyar suka rage. Na ɗauki wadda aka rubuta wa Asabar, na ɗumama, na gasa burodi yanka biyu. Wasiƙar tana nan a jikin firji. Na bar ta.

Na matse tayar gaba tsakanin gwiwoyina na miƙar da kan keken. Hular tana cikin kwando, laka ta bushe a kanta, tsinke biyu sun karye. Ta yi mini yawa. Tana warin man gashinsa.

A Holan na yi shekara tara a kan keke, amma mai taya uku daban ne, ba ya bin jiki, sai an tuƙa shi kamar amalanke. Da na iso shingen na tsaya. Wani mai keken tsere ya zo ta bayana, ya lanƙwasa sau biyu, ya wuce. Na karya kai dama. Bayan dutse na ƙarshe ƙasar ba ta bushe ba, kuma ana ganin inda aka ja gadon ɗauka. Tayar sama ta ɗaga. Na jingina jikina gaba ɗaya ta wajen tudu, na ji ta sauka. Na hau siminti.

Tagarta ita ce ta uku daga ƙofa. Na kaɗa sau biyu.

Sela ta gan ni a baranda da hular, ta gane. Ta rufe baki da hannu. Na girgiza mata kai, ta matsa ta ba ni hanya.

Noelene ta riga ta juyo daga taga. Ta rame. Idonta bai sauka a fuskata ba, a sama ya tsaya, kan tsinkayen. Na jawo kujera na zauna a hagunta. Na zuba. Na ɗebi cokalin farko na sha. Gishiri ya yi yawa, ban sha wuyar ɓata fuska ba.

"Ba ta kai taki ba," na ce.

A ɗakin da ke kusa talabijin na magana. Na riƙe cokalin, na jira.

"Ai ba ka taɓa iyawa ba," ta ce. Muryarta a dushe. "Kawo nan, tsohon banza. Ka makara."

Ta buɗe baki.

Cokali goma sha ɗaya ta sha, da rabin burodi da na tsoma mata. Daga nan ta kawar da kai. Na goge mata haɓa da tawul ɗin. Sela na tsaye a bakin ƙofa tana ƙirgawa da leɓe, ta rubuta a takardar da ke jikin gado.

"Gobe ma?" ta ce a hankali, da na fito.

"Akwai robobi huɗu."

"Bayan su fa?"

"Akwai kabewa a bayan gidansa."

A hanyar dawowa na sauka na tura keken. Rana ta fito. Tsirran da aka dasa tsakanin duwatsun, uku sun bushe, saura sanduna. A ƙasa da su, inda na bi ɗazu, tayoyin sun nutse sosai a cikin laka, kuma ruwa ya riga ya taru a layukan uku. Wani magpai ya sauka a kan na tsakiya yana sha. Ya ɗago ya dubi hular, ya koma ya ci gaba da shan ruwansa.